Kan keke da wuyansa

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi keke abin aiki ne, kamar jaki ko amalanke. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai hatsi wurin niƙa, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa. Ƴan makaranta da yawa a kan keke suke zuwa daga ƙauyukansu, wani ma da ƙanensa a baya.

Idan taya ta sace, kowa ya sani, don keken ba ya tafiya. Idan sarƙa ta zube, a tsaya a mayar da ita. Amma akwai ɓarnar da ba ta hana keke tafiya, tana nan shiru har ranar da za ta kayar da mutum. Ita ce sakin kan keke. A kanta za mu yi darasin yau. Ku tanadi ma'auninku na aji, da fensir, da warƙa guda daga cikin kaye.

Sassan da za mu duba

Ku tsaya gaban keke ku dube shi. Abin da mahayi yake riƙewa da hannu biyu shi ne kan keke. Masu gyara sukan ce gidon, daga kalmar Faransanci guidon. Bututun ƙarfe ne mai rami a ciki. A tsakiyarsa akwai gajeren ƙarfe da ya riƙe shi, ya gangara ya shige jikin keken. Wannan shi ne wuya, da Faransanci potence. Ƙarƙashin wuya sai gwafa, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ya rungumi tayar gaba. Gwafa tana da bututu a samanta. Ba a ganinsa, domin yana ɓoye cikin jikin keke. A cikin wannan bututu wuya yake zama.

To, ku ƙirga. Daga hannun mahayi zuwa tayar gaba akwai mahaɗa biyu. Ta farko, inda kai ya shiga bakin wuya. Ta biyu, inda wuya ya shiga bututun gwafa. Idan ta farko ta saki, kan keke ya juya ƙasa, hannun mahayi ya tafi da shi. Idan ta biyu ta saki, mahayi ya karkata kai dama, taya kuwa ta ci gaba da tafiya inda ta ga dama.

Wani zai ce: «Malam, keken babana ba shi da mahaɗa biyu.» Gaskiya ne. A manyan baƙaƙen kekuna masu birkin sanda, kai da wuya galibi a haɗe aka ƙera su, abu guda ne. Irin wannan keke mahaɗarsa ɗaya ce, ta ƙasa. Ita ma tana bukatar duk abin da za mu faɗa.

Kun san hauya da ƙotarta. Maƙeri yakan gasa tsinin hauya ya yi ja wur, ya huda ƙota da shi, don ramin ya zo daidai da ƙarfen. Idan rami ya yi yawa, hauya tana girgiɗi, wata rana ta fice ta sari ƙafar mai noma. Idan aka cusa babban tsini cikin ƙaramin rami, ƙota ta tsage. Haka mahaɗan keke suke. Bambancin kawai, a wurin keke kuskuren da ke kawo ɓarna ƙanƙane ne ƙwarai. Sau da yawa bai kai milimetir ɗaya ba, ido ba ya kama shi.

Me ya sa awon bai zama ɗaya ba?

Kekunan da muke hawa daga ƙasashe da yawa suka fito. Raleigh asalinsa birnin Nottingham ne na Ingila, kuma kamfanin ya taɓa buɗe masana'anta a Kano. Phoenix daga Shanghai yake, a ƙasar Sin. Flying Pigeon ma na Sin ne, an fara ƙera shi a Tianjin a 1950. Hero na Indiya ne, an kafa kamfaninsa a Ludhiana a 1956. Peugeot na Faransa ne. Ga kuma kekuna na hannu da aka hau a Turai kafin su iso mana. Idan keke ya mutu ba a zubar da sassansa. Mai gyara yakan kwance su ya adana. Shi ya sa a kan tabarma guda, a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, za ku ga wuyan Faransa kwance kusa da kan Sin, sun yi kama kamar tagwaye.

Amma ƙasashen nan ba da ma'auni ɗaya suka yi aiki ba. Faransa ta kafa awon metir da doka a 1795, shi ne muke koyo a aji. Ingila da Amurka kuwa da inci suka saba. A 1959 ƙasashe masu amfani da inci suka daidaita a kan cewa inci ɗaya milimetir 25,4 ne cif.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Masu ƙera keke a Ingila sun ba wuya kaurin kashi bakwai cikin takwas na inci. Kauri a nan shi ne abin da kuka sani da diamètre a darasin lissafi.

25,4 × 7 = 177,8
177,8 ÷ 8 = 22,225

Wato 22,2 mm. Faransawa ba su son lamba mai wutsiya, sai suka yi nasu wuyan 22,0 mm. A tsakiyar kan keke ma haka: inda wasu suka yi inci ɗaya, 25,4 mm, su suka yi 25,0 mm. Mutanen Italiya kuma suka yi 26,0 mm a kekunansu na tsere, masu kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. A shekarun 1980 masana'antun Faransa suka bar nasu awon suka bi na sauran duniya. Sai dai keke ba ya saurin mutuwa. Tsofaffin sassan suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu.

Tsakanin 22,2 da 22,0 akwai 0,2 mm. Warƙar kayenku kaurinta kusan 0,1 mm ne. Ku haɗa warƙa biyu ku murza su tsakanin yatsu. Bambancin ke nan.

Wuya cikin bututun gwafa

A nan za mu daɗe, don nan ne haɗarin ya fi yawa, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

A saman wuya akwai kan noti. Notin dogo ne, ya ratsa cikin wuya daga sama har ƙasa. Ƙasan wuya a karkace aka yanke shi, kamar yadda ake fiƙe kara. A can ƙarshen noti akwai ɗan dunƙulen ƙarfe, shi ma mai yankan karkace. Idan aka ɗaure noti, dunƙulen yana hawowa, ya zame a kan yankan, ya tokare bangon bututu daga ciki. A wasu tsofaffin kekuna dunƙulen mai tsini ne, yana shiga ƙasan wuya ya buɗe shi. Aikin dai ɗaya ne. Wannan tokara ita kaɗai ke riƙe kan keke da tayar gaba.

Ga kaurin wuyan da aka fi samu:

22,2 mm: yawancin kekuna, tsofaffi da sababbi
22,0 mm: tsofaffin kekunan Faransa
21,1 mm: wasu tsofaffin kekunan Amurka da wasu na yara
25,4 mm: wasu kekuna masu babbar gwafa

Wuyan da ya dace yana shiga da tura hannu kawai, idan an goge tsatsa an shafa ɗan giris. Idan ya shiga, ku girgiza shi kafin a ɗaure noti. Bai kamata ya yi rawa ba.

Idan aka sa wuya mai 21,1 cikin bututu mai 22,2, akwai sarari na 1,1 mm. Dunƙule zai iya tokarewa a ƙasa, mai keke ya ji kamar ya kama. Amma sama babu abin da ya riƙe shi. Duk ramin da taya ta faɗa, wuya ya yi gaba ya yi baya, yana cin bututu, yana gajiyar da kansa. Ƙara ɗaure noti ba ya cike wannan sarari. Abin da yake yi shi ne ya kumbura bututun gwafa daga ciki.

Idan kuma wuya mai 22,2 ne, bututu mai 22,0, wuyan zai tsaya a baki ya ƙi shiga. A nan ne ake ɗauko guduma. Kada ku yarda a buga. Wuyan da aka shigar da guduma ba ya fita sai da guduma, bututun kuma yana iya tsagewa a inda ba ku gani. Gwanin mai gyara yakan goge irin wannan wuya da samfefa a hankali, yana juya shi don cin ya zo daidai ko'ina, yana gwadawa, har ya shiga da hannu. Don bambancin 0,2 mm kawai ake yin haka. Abin da ya wuce nan, a nemi wani wuya.

Yanzu sai batun tsawo. Yaro ya girma keke ya yi masa kaɗan, ko babba ya ari keken ƙanensa, sai a kwance noti a jawo wuya sama. Har ina ake jawowa? Ku duba jikin wuya. Akwai zane da aka buga a kewayensa, ƴan layuka a jere, wani lokaci da haruffan MAX ko MIN. Wannan zane dole ya kasance a ɓoye cikin bututu. In kuna ganinsa a waje, wuyan ya fito fiye da kima. Ƙa'idar duniya ta ingancin kekuna, mai lamba ISO 4210, ta ce a sa zanen a nisan da bai gaza kaurin wuya sau biyu da rabi ba, daga ƙasansa.

22,2 × 2,5 = 55,5 mm

A tsohon wuya tsatsa takan cinye zanen. In haka ne, ku auna santimetir 6 daga ƙasa, ban da dunƙule, ku yi alama da fensir, ku tabbata alamar ta shige.

Dalilin wannan doka biyu ne. Na farko kun san shi daga turke: turken da aka kafa da zurfin yatsa uku ba ya riƙe akuya. Na biyu a ɓoye yake. Saman bututun gwafa yana da zare, irin na noti, inda ake ɗaure manyan zobban da ke riƙe gwafa a jikin keke. Inda aka yanka zare, ƙarfen ya rage kauri. Idan wuya ya yi sama da yawa, dunƙule a daidai wurin zaren zai tokare, inda bututu ya fi rauni. Ranar da ya karye, kan keke yana hannun mahayi, taya tana wani wuri.

Masu keke mai birkin sanda, ku ƙara da wannan. Sandunan birki daga kai suke saukowa. Duk wanda ya ɗaga kai ko ya sauke shi ya canza tsawonsu, sai birki ya kama taya ko ya saki gaba ɗaya. A sake daidaita sandunan kafin a hau.

Akwai wani irin wuya da ya bazu tun shekarun 1990, za ku gan shi a kekuna na hannu masu giya da yawa. Shi ba ya shiga cikin bututu. Bututun ne yake fitowa sama, wuya ya rungume shi daga waje da noti biyu a gefe. Kaurin bututun galibi 28,6 mm ne, inci ɗaya da kashi ɗaya cikin takwas. Ba a jawo irin wannan wuya sama. Bakin bututu yana tsayawa milimetir 2 ko 3 ƙasa da saman wuya, kuma dole ya wuce notin sama.

Kai cikin bakin wuya

Ku shafa kan keke daga inda ake riƙewa zuwa tsakiya. Za ku ji ya ɗan kumbura a tsakiya, a wasu ma da ƴan zane-zane don kada ya zame. Wurin nan mai kumburi shi ake aunawa. Wanda ya auna wurin riƙo zai sami 22,2 mm a yawancin kekuna, lambar kuwa ba ta da amfani a nan.

A tsakiya ana samun 23,8 mm a tsofaffin kekunan Ingila, 25,0 mm a tsofaffin na Faransa, 25,4 mm a mafi yawan kekunan da muke gani, 26,0 mm a na tsere, da 31,8 mm a sababbin kekuna masu kai mai ƙiba. Mai 31,8 kowa zai gane shi daga nesa. Masu ruɗar mutum su ne ukun tsakiya: 25,0 da 25,4 da 26,0.

Bakin wuya zobe ne mai tsaga, da leɓe biyu waɗanda noti yake matsewa. Ga alama mai sauƙi. Idan an gama ɗaurewa, dole a ga ɗan sarari tsakanin leɓunan. Idan leɓe ya taɓa leɓe amma kai yana juyawa, kan ya yi wa bakin kaɗan. Duk ƙarfin da aka ƙara bayan nan a banza ne, noti ne zai ci zarensa ko baki ya tsage.

Me ake yi? Ana sa siririn ƙarfe a naɗe kai da shi don ya cike sararin. Kaurinsa nawa? Ku yi hattara, nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa. A ce kai 25,4 ne, baki 26,0. Bambanci 0,6 mm. Amma ƙarfen zagaye kai zai yi, yana nan ta sama, yana nan ta ƙasa. Saboda haka rabin bambancin ake bukata, 0,3 mm. Gwangwanin lemo kaurinsa kusan 0,1 mm ne, sai an ninka shi uku. Don haɗa kai mai 25,4 da baki mai 31,8 akwai cikon da masana'anta suke ƙerawa, ɓari biyu, kowane 3,2 mm.

Na sha ganin an yi ciko da robar tsohon tib, ko tsumma, ko leda. Da safe yana kamawa. Idan rana ta take, roba ta yi laushi, kai ya koma juyawa. Ciko sai na ƙarfe, mai santsi, wanda ya kai faɗin bakin wuya. Ni a ganina ma, keken da ke ɗaukar kaya ko mutum biyu bai kamata ya dogara da gwangwani ba. A yi amfani da shi a kai keke gida, ranar kasuwa a nemo kan da ya dace.

Idan kai ne ya fi baki girma, babu dabara. Wasu sukan sa ƙarfe su buɗe leɓuna da ƙarfi, wasu su kankare tsakiyar kai da zarto. Duka biyun ɓarna ne. Ku tuna kan keke bututu ne, bangonsa siriri ne, tsakiyarsa kuma ita ke ɗaukar nauyin hannu biyu. Baƙin ƙarfe yakan yi kirki, ya lanƙwashe kafin ya karye, mutum ya gani ya sauka. Alminiyam, farin ƙarfen nan mara nauyi irin na tukwane, ba ya ba da sanarwa sosai. Ƙaramin karce yakan zama tsaga, tsaga ta yi ta tafiya a ɓoye ƙarƙashin bakin wuya, wata rana ya ɓalle gaba ɗaya.

Yadda za mu auna

Masu aikin ƙarfe suna da ma'auni mai muƙamuƙi biyu, ɗaya yana zamewa. Da Faransanci sunansa pied à coulisse. Yana auna kauri daga waje, yana auna faɗin rami daga ciki, har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimetir. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Vernier ne ya fito da dabarar karanta ƙananan rabe-raben a 1631. Ba kowane mai gyaran keke ke da shi ba. Akan same shi wurin masu gyaran babur da masu walda.

Mu da ba mu da shi, muna da takarda da lissafi. Ku yanko siririyar takarda mai faɗin santimetir 1, tsawon santimetir 15. Ku naɗe tsakiyar kan keke da ita sau ɗaya, ku ja ta kama sosai, kada ta karkace. Inda takarda ta hau kan bakinta, ku yi alama da fensir mai tsini. Ku warware, ku shimfiɗa a kan tebur, ku auna daga baki zuwa alama. Abin da kuka samu shi ne kewaye. Ku raba shi da 3,14, kauri ya fito.

Kewaye 74,7 mm: kauri 23,8
Kewaye 78,5 mm: kauri 25,0
Kewaye 79,8 mm: kauri 25,4
Kewaye 81,6 mm: kauri 26,0
Kewaye 99,9 mm: kauri 31,8

Kun ga amfanin kewaye? Yana ninka bambanci sau uku da ɗoriya. Tsakanin 25,4 da 26,0 ido ba ya ganin komi, amma a kan takarda ya zama kusan milimetir 2, layi biyu a ma'auninku. Ku auna sau uku. In amsoshin sun sha bamban, takardarku ce ta yi sako-sako.

Dabarar tana da iyaka. Wuya mai 22,2 kewayensa 69,7 mm ne, mai 22,0 kuwa 69,1 mm. Bambancin bai kai layi ɗaya ba, kaurin bakin fensir ma ya isa ya ɓatar da ku. A nan sai ma'aunin masu ƙarfe, ko a goge jikin wuya a duba. Masana'anta da yawa suna buga lambar kauri kusa da zanen da muka ambata.

A rumfar mai gyara

Idan an aike ku sayen kai ko wuya, kada ku tafi hannu sake. Ku tafi da keken, ko da tsohon ƙarfen da ya lalace. Ku saurari wannan yarinya.

— Sannu da aiki, Baba.
— Yawwa, sannu ƴata. Me ya sami keken?
— Wuyansa ne ya tsage. Babana ya ce a sa wani.
— Ga wannan, sabo ne fil.
— Baba, don Allah a gwada shi tukuna, kafin a ɗaure.
— Ai duk ɗaya ne, ƴata. Noti zai kama shi.
— Yi haƙuri, Baba. Dubi yadda yake rawa a ciki. Na tsohon an rubuta 22,2 a jikinsa.
— To, miƙo mini wancan na cikin kwano mu gani.

Yarinyar ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kuma koya wa dattijo sana'arsa ba. Ta nuna masa abin da ta gani, shi ya yi sauran.

Gwaji kafin hawa

Hanyar kwalta da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram shimfiɗaɗɗiya ce, keke mai sakakken wuya zai iya yin kwanaki a kanta ba a gane ba. Amma yawancinmu ba a kwalta muke tafiya ba. Wanda ya taɓa tuƙa keke a rairayin Gulbin Kaba, ko a hanyoyin Kanembakashe da Urafan, ya san yadda tayar gaba take nutsewa ta karkace, mahayi ya yi ta kokawa da kai don ya miƙe ta. Duk wannan ƙarfi ta mahaɗan nan biyu yake bi. Jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne. Wanda ya rataye ta a kan keke ta gaba ya ɗora wa wuya abin da ba don shi aka ƙera shi ba. Kaya a baya ake ɗaure su. Ku tuna kuma daga ƙauyuka da yawa gidan likita da nisa yake, mai faɗuwa ta kan keke kuwa da fuska da ƙashin kafaɗa yake sauka.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ku tsaya gaban keke, ku matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinku, ku kama kai ku murɗa dama da hagu da ƙarfi. Idan kai ya juya taya tana tsaye, mahaɗar ƙasa ta saki. Sannan ku danna kai ƙasa da nauyin jikinku, ku kuma ja shi sama. Idan ya mirgina cikin bakin wuya, mahaɗar sama ce. Ku kasa kunne. Ƙarar ƙyas-ƙyas daga wajen wuya alama ce ta sako-sako ko tsaga. Daga nan ku duba zanen wuya, ku duba leɓunan baki, ku nemi siririn baƙin layi mai kama da gashi a jikin ƙarfe.

In kun sami ɗaya daga cikin waɗannan, ku gaya wa babba a gida. A ɗaure noti sau ɗaya da kilen da ya dace da shi, a sake gwadawa. Idan har yanzu yana juyawa, awon ne bai zo daidai ba. A tura keken da hannu zuwa wurin mai gyara. Ƙarfen da ya tsage a kai ko a wuya canza shi ake yi, ba a kai shi walda.

Tambayoyi

1. Mahaɗa nawa ce tsakanin hannun mahayi da tayar gaba? Wane irin keke ne yake da ɗaya kawai?
2. Me ya sa ƙara ɗaure noti ba ya gyara wuyan da ya yi wa bututu kaɗan?
3. Wani ɗalibi ya naɗe tsakiyar kan keke da takarda, ya sami 80 mm. Wane kauri ne ya fi kusa da amsarsa?
4. Kai 25,0 mm ne, bakin wuya 25,4 mm. Nawa ne kaurin cikon da ake bukata?
5. Wuya mai kaurin 25,4 mm, milimetir nawa ne mafi ƙaranci da za su shige cikin bututu?
6. Inci ɗaya da rubu'i milimetir nawa ne? A ina kuka ga wannan lamba cikin darasin?

Aikin gida

Ku nemi izinin mai keke a gidanku ko a unguwarku. Ku rubuta sunan keken idan yana jikinsa. Ku auna kewayen kai dab da bakin wuya, inda kumburin ya leƙo, da kewayen wuya, sau uku-uku. Ku duba ko ana ganin zanen wuya a waje. Kada ku kwance komi da kanku. Ku zana kan keken cikin kaye, ku sa sunayen sassansa da Hausa da Faransanci. Gobe za mu rubuta lambobin kowa a allo, mu ga awo iri nawa ne ake hawa a garinmu.